Kundin aikin ƙamus: kalmar “whitewash” ga mai Faransanci

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Yau aka buɗe fayil ɗin *whitewash*. Ita ce ta gaba a jerin kalmomin Ingilishi masu kayar da wanda ya yi karatunsa da Faransanci, jerin da ake haɗawa domin masu fassarar labarai da ɗalibai a Yamai, Maraɗi da Damagaram. Tsarin kowace kalma ɗaya ne: ma'ana, misalin jimla, abin da Bafaranshe zai ce, abin da Bahaushe zai ce, sai gargaɗi.

Rabin shafi aka ware mata, kuma tun yau an ga ba zai isa ba. Mai Faransanci yana ganin *white* ya tuna *blanc*, yana ganin *wash* ya tuna *laver*, kafin ya yi tunani hannunsa ya riga ya rubuta *blanchir*. Da a ce kullum kuskure ne, da gyaran ya yi sauƙi. Abin da ya sa ta yi wuyar sha'ani shi ne wani lokaci daidai ne, wani lokaci kuma yana juya maganar ta koma kishiyarta.

An raba jimlolin da aka tara zuwa kashi biyar: bango, rufa-rufa, fim, wasanni, da tarkacen da ba su shiga ko'ina ba. Daga bango za a fara.

Alhamis, 9 ga Janairu

Ma'anar asali: farin ruwan da ake shafa wa bango, katanga, silin ko gindin bishiya. Kalmar tana cikin Ingilishi tun ƙarshen ƙarni na 16, suna ce kuma aikatau ce. Masu gyaran tsofaffin gine-gine a Birtaniya sun fi cewa *limewash*, wasunsu kuma suna keɓe *whitewash* ga haɗin alli da gam, wanda ya fi saurin gogewa. A bakin sauran jama'a duk abu ɗaya ne.

Sai an san yadda ake yin abin kafin a iya zaɓen kalmar Faransanci, don kowane mataki da sunansa. Ana ƙona dutsen *calcaire*, wato *limestone*, a zafin da ya kai wajen digiri 900, ya zama *chaux vive*, wato *quicklime*. Ana zuba wannan a cikin ruwa, ya yi ta tafasa da kansa ba wuta, ya zama *chaux éteinte*, wato *slaked lime*. Idan aka dama shi da ruwa ya tsinke, shi ne *lait de chaux*. A jikin bango yana zuƙar iskar kabon daga sarari, sannu a hankali ya koma dutsen da aka faro daga gare shi. Ke nan ba bushewa kawai yake yi ba kamar fenti, kamawa yake yi, kuma kamawar tana buƙatar laima da lokaci.

Magina a Faransa suna sa wa shafen suna gwargwadon ruwan da ke ciki. Kwano ɗaya na garin *chaux éteinte* da kwano ɗaya na ruwa shi ne *chaulage*, mai kauri, na garke da ɗakin ajiya. Kwano ɗaya da ruwa biyu zuwa uku shi ne *badigeon*. Ruwa huɗu zuwa shida *eau-forte*, wanda ake hango bangon ta cikinsa. Ruwa goma zuwa ashirin *patine*. Ingilishin yau da kullum bai damu da wannan rabe-raben ba.

Abin da aka tsayar: *to whitewash a wall* a fassara shi *blanchir un mur à la chaux*, ko *badigeonner*, ko *chauler*. Kada a yar da *à la chaux*, don *blanchir un mur* kawai yana iya zama da kowane farin fenti. Gargaɗi biyu na komawa baya. *Chauler un champ* zuba wa gona garin ne don rage tsamin ƙasa, Ingilishinsa *to lime*. *Badigeonner* kuma ana faɗinsa ga shafa magani a ciwo ko shafa ƙwai a kan burodi kafin gashi, kuma ba ruwan *whitewash* da ko ɗaya.

Ta gefen Hausa, farar ƙasa aka sa. Amma an ƙara bayani, don farar ƙasar da mata ke haƙowa su jiƙa su shafe ɗaki ba a ƙona ta ba, bushewa kawai take yi, ba ta kamawa irin ta *chaux*. Sunan ya haɗa su, aikinsu ya bambanta.

Talata, 14 ga Janairu

Ana son hotuna huɗu da za su raka ma'anar farko, don haka aka ja murabba'i huɗu, kowanne mita ɗaya: uku a bango mai filasta, ɗaya a ƙofar ƙarfe mai fentin mai. Garin *chaux éteinte* na buhu aka yi amfani da shi, an jiƙa tun jiya, an tace da rariya don cire gudaji.

Na ɗaya: gari ɗaya, ruwa ɗaya, a busasshen bango, da tsakar rana. Na biyu: gari ɗaya, ruwa uku, shi ma a busasshen bango da rana. Na uku: haɗin na biyu, amma an yayyafa wa bangon ruwa har ya sha, aka bari ƙyallin ruwan ya ɗauke, aka shafa bayan la'asar. Na huɗu: haɗin nan dai, a kan ƙofa.

Buroshi mai faɗi da dogon gashi ake so, ba abin gungurawa ba. A riƙa juya bokitin kowane ɗan lokaci, in ba haka ba garin ya kwanta a ƙasa, mutum ya yi ta shafa ruwa. Kaurin da ake nema na madara ne, ba na kunu ba. Tabarau da safar hannu dole ne: ƙarfin abin ya haura 12 a ma'aunin pH, yana cin fata, ɗigo ɗaya a ido kuma babbar magana ce. Wanda zai kashe *chaux vive* da kansa, dutsen ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a tuttula ruwa a kan dutsen.

Inda sabon hannu ke faɗuwa: lokacin shafawa abin ba ya nuna fari. Kamar ruwan wankin shinkafa yake, ana ganin bangon sarai. Sai mutum ya ce ya yi ruwa, ya ƙara gari, ko ya yi ta maimaita buroshi a wuri ɗaya. Farin sai ya fara bushewa yake fitowa.

Talata, 21 ga Janairu

Na uku kaɗai aka yi wa shafi uku, kwana ɗaya tsakanin kowanne, ana ɗan yayyafa ruwa kafin kowane shafi. Yau aka goga baƙin ƙyalle a kan duka huɗun.

Na ɗaya ya tsattsage kamar ƙasan tafki a bazara, wanda Faransanci ke kira *faïençage*. Kauri ne ya jawo. Na biyu ya yi fari tas, amma ƙyallen ya dawo kamar an tsoma shi a garin tuwo. Busasshen bango ya tsotse ruwan, iskar hunturu ta kwashe sauran, garin bai samu laimar da zai kama ba. Wannan shi ne *farinage*, Ingilishi ya ce *dusting* ko *chalking*. Na huɗu yana ɓamɓarewa da farce, don fentin mai ba shi da ƙofofin da zai shiga. Na uku ne ya kama, ɗan fari kaɗan ya taɓa ƙyallen.

Akwai tsaga siririya da ta ratsa murabba'i na uku tun kafin a fara. Daga taku uku ba a ganin ta yanzu. Da an ɗora yatsa sai a ji ta nan inda take. Hoton wannan wurin za a sa tsakanin ma'ana ta ɗaya da ta biyu, don duk abin da ma'anar aro ta ɗauka yana ciki: arha, sauri, sirantar shafi, da ɓarakar da ba a taɓa ba.

Wani ya kawo shawarar a sa Fadar White House a misali. Za a iya, da sharaɗin a faɗi daidai. An fara shafa wa ginin wannan farin ruwa a 1798 don kare dutsensa daga sanyi mai daskarar da ruwa, shekaru kafin sojojin Birtaniya su ƙona shi a 1814. Labarin cewa don a rufe baƙin gobara ne ya fara zama fari ba haka yake ba. Theodore Roosevelt ne ya mai da sunan na hukuma a 1901.

Alhamis, 30 ga Janairu

Ma'ana ta biyu, wadda ta fi kowace nauyi. Tun ƙarni na 18 Ingilishi ke cewa an yi wa mutum ko hukuma *whitewash* idan an lulluɓe laifinsu, musamman ta hanyar binciken da aka san inda zai ƙare tun kafin a fara shi.

Babban misalin da aka zaɓa ya faru a rana irin ta yau. Ranar 30 ga Janairu 1972, a garin Derry na Ailan ta Arewa, sojojin Birtaniya suka buɗe wuta kan masu zanga-zanga, mutum 13 suka mutu a ranar, wani ya cika daga baya. Rahoton Lord Widgery ya fito a Afrilun shekarar, ya ɗauke wa sojojin kusan duk laifi. Iyalan mamatan da jama'a da yawa suka kira shi *whitewash*. Sai ranar 15 ga Yuni 2010 rahoton Lord Saville ya ce harbin ba shi da hujja, Firaminista David Cameron ya nemi afuwa a majalisa.

Jimlar gwaji: *The Widgery report was a whitewash.* Fassarar da ke fara zuwa hannu ita ce *Le rapport Widgery a blanchi les soldats*. Babu ƙarya a cikinta, amma ta zubar da abin da mai maganar ya zo faɗa. *Blanchir* na Faransanci ba ya ɗaukar ɓangare: mutum yana iya zama *blanchi* don da gaske ba shi da laifi. *Whitewash* kuwa zargi ne daga farko har ƙarshe, ba wanda ke kiran rahoton da ya yarda da shi da wannan suna. Abin da aka amince da shi: *un simulacre d'enquête*, *une parodie d'enquête*, *un rapport de complaisance*, ko a warware a ce *un rapport destiné à couvrir l'armée*. Idan aikatau ne, *étouffer l'affaire* ko *maquiller les faits*.

Hausa tana da ramin nan daidai wa daida. “Kotu ta wanke shi” ɗan'uwan *blanchir* ne, ba zargi a ciki. Wanda ya fassara *whitewash* da wankewa ya ba hukuma gaskiya, alhali marubucin tuhumarta yake yi. Kalmominmu su ne rufa-rufa, binciken jeka-na-yi-ka, ko, inda salon rubutun ya ba da dama, kitso da ƙwarƙwata, wanda ya ɗauko hoton kusan gaba ɗaya: an gyara sama, ɓarnar tana ƙasa.

Komawa baya ya fi haɗari. *Il a été blanchi par la justice* idan aka mai da shi *He was whitewashed by the court*, an ce alƙalai sun yi maguɗi. A jarida wannan ƙazafi ne. Abin faɗa shi ne *cleared* ko *exonerated*, ko *acquitted* idan hukuncin shari'a ne. An sa wannan gargaɗin cikin akwati, da manyan baƙaƙe.

An kuma raba ta da *cover-up*, wadda ɗalibai ke ɗauka ɗaya suke. *Cover-up* a ɓoye ake yin sa: a ƙona takarda, a toshe bakin shaida. *Whitewash* a fili ake yin sa, da kwamiti da rahoto da hatimi. Sau da yawa na biyun ne ke rufe na farkon.

Misalai biyu na ƙari. Richard Nixon, a jawabinsa na 30 ga Afrilu 1973 kan badaƙalar Watergate, ya ce *There can be no whitewash at the White House*, sannan ya sauka daga mulki a Agusta 1974. Abin dariya a nan shi ne Faransanci yana iya riƙe wasan kalmar, *blanchir* da *Maison-Blanche*, amma in ya riƙe wasan ya saki ma'anar. Ma'anar aka zaɓa. Na biyu, rahoton Lord Hutton kan mutuwar masanin makamai David Kelly, wanda ya fito ranar 28 ga Janairu 2004, ya wanke gwamnatin Tony Blair ya ɗora wa BBC laifi. Washegari jaridar The Independent ta bar mafi yawan shafinta na farko fari fat, da tambayar *Whitewash?* a tsakiya. Babu misalin da ya haɗa ma'anonin biyu a ido kamar wannan.

Talata, 4 ga Fabrairu

An juya aikin: aka ɗauki *blanchir* aka bi shi wuri-wuri don a ga sau nawa yake sauka a kan *whitewash*. Kusan ba ya sauka. *Blanchir de l'argent* shi ne *to launder money*, halasta kuɗin haram, kuma nan ne kuskuren ya fi yawa a takardun gwaji, ana rubuta *money whitewashing*, abin da ba Ingilishi ba ne. Kayan lambu da aka tsoma a tafasasshen ruwa na minti ɗaya ko biyu *to blanch*. Haƙora *to whiten*. Fata *to bleach* ko *to lighten*, bilicin ɗinmu ke nan. Gashi da ya yi furfura *to go grey*. *Logé, nourri, blanchi* ma'aikaci ne da aka ɗauke wa kwana da ci da wanki.

Wuri ɗaya ne suka haɗu har da zargin. A Linjilar Matta 23:27, fassarar Ingilishi ta 1611 ta ce *whited sepulchres*, na zamani suna cewa *whitewashed tombs*, Faransanci kuma *sépulcres blanchis*: kaburbura masu farin shafe a waje, ƙasusuwa a ciki. Harsunan biyu suna amfani da shi ga munafuki. An sa shi a matsayin togaciya.

Saura *to whitewash someone's past* da *to whitewash history*. A nan ba bincike ba kwamiti, gyara labari ne. *Édulcorer*, *enjoliver* da *gommer* sun fi dacewa. An ƙi *redorer le blason*, don mutum yana iya yin sa ta hanyar gaskiya.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Ma'anar fim ta ci kwana uku, kuma ita ce ta bayyana dalilin da ya sa matasa masu Faransanci suke rikicewa fiye da dattawa. Faransanci ya ari kalmar, ana rubuta *le whitewashing* a jaridun Faransa, amma da ma'ana ɗaya tak: a ba farar fata matsayin wanda a asalin labari ko a tarihi ba farar fata ba ne. Wanda ya fara sanin kalmar ta wannan ƙofa, idan ya ga an kira rahoton 'yan sanda *a whitewash*, sai ya shiga neman maganar launin fata inda babu ita. Irin abin da ya faru da *parking* da *footing* ne: an aro da kari na *-ing*, ma'ana ta tsuke ko ta karkace.

Dabarar da aka ba mai karatu: *a whitewash*, da *a* a gabanta, kusan kullum rufa-rufa ce ko sakamakon wasa. Ta fim ta fi zuwa a siffar *whitewashing*, tare da kalmomi irin *casting* ko *role*.

Misalai uku aka bari. Scarlett Johansson a Ghost in the Shell na 2017, labarin da asalinsa na Japan ne. Ed Skrein, wanda ya janye daga fim ɗin Hellboy a Agusta 2017 bayan ya gane cewa wanda zai fito a matsayinsa yana da jinin Japanawa a asalin zanen. Sai na gida ga mai Faransanci: L'Autre Dumas na 2010, inda Gérard Depardieu ya fito a matsayin marubuci Alexandre Dumas, wanda kakarsa ta wajen uba baƙar fata ce, baiwa a Saint-Domingue, Haiti ta yau.

A raba ta da *blackface* da *yellowface*. A can ana yi wa farar fata kwalliya ya kwaikwayi wani jinsi, yawanci da ba'a. A nan jinsin ake sharewa daga labarin ɗungum. Wani fim yana iya faɗawa duka biyun, amma ba kalma ɗaya ba ce.

An yi gardama kan abin da za a sa a Faransanci. *Blanchiment* shi kaɗai yana jan hankali zuwa kuɗi ko man bilicin. An bar aron kamar yadda jaridu ke rubuta shi, da bayani a karon farko. Hausa ba a ƙirƙira mata kalma ba, jimla aka sa: ba Bature matsayin wanda ba Bature ba. Ƙirƙirar da ba wanda zai faɗa ba ta da amfani a ƙamus.

Wurin da ya rage da wuya shi ne *whitewashing history* idan ana maganar bauta ko mulkin mallaka. Marubuci kan nufi duka biyun da gangan, an lulluɓe laifi kuma an share baƙar fata daga labarin. Babu kalmar Faransanci da ke ɗauke da kayan biyu. Shawara: aikatau biyu, *édulcorer l'histoire et en effacer les Noirs*, ko da jimlar ta yi tsawo. An kuma sa gargaɗi kan *whitewashed* idan an faɗa wa mutum: gori ne, ana nufin ya bar al'adar mutanensa ya rungumi ta Turawa. A fahimce shi in an gani, kada a faɗa wa kowa.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

'Ya'yan kalmar, a taƙaice. *Greenwashing* an gina ta a kan ma'ana ta biyu. Ana jingina ta ga Jay Westerveld, wanda ya yi rubutu a 1986 kan otal-otal masu roƙon baƙi su maimaita tawul da sunan kare muhalli, alhali kuɗin wanki suke ragewa. Faransanci yana da *écoblanchiment* da *verdissement d'image*. *Sportswashing* da *pinkwashing* a kan wannan sawu suke. *Brainwashing* ba 'yar gidan ba ce: daga Sinanci aka fassaro ta wajen 1950, Faransancinta *lavage de cerveau*. An cire ta daga jerin.

Litinin, 3 ga Maris

Azumi ya kama, an rage zama zuwa safiya. Yau tarkace.

Akwai ma'anar doka da ta karya ƙa'idar da aka kafa ranar 30 ga Janairu, wato cewa kalmar kullum zargi ce. A dokar kamfanoni ta Birtaniya ta 1985, sashe na 155 zuwa 158, lauyoyi suna kiran wani tsari *whitewash procedure*: matakan da kamfanin da ba a sayar da hannun jarinsa ga jama'a zai bi don ya halatta taimaka wa mai sayen hannun jarinsa da kuɗi, ciki har da rantsuwar daraktoci cewa kamfanin zai iya biyan basussukansa da rahoton masu binciken kuɗi. An soke tsarin ranar 1 ga Oktoba 2008, amma yana nan cikin tsofaffin yarjejeniyoyi. Wanda ya fassara shi da *maquillage* ya mai da halal haram. An gyara ƙa'idar ta koma “kusan kullum”, da nuni zuwa nan. A tsohon Ingilishi kuma ana cewa an yi wa mai karayar arziki *whitewash* idan kotu ta sauke masa basussukansa. Layi ɗaya ya ishe ta.

Masu kayan ɗaki suna cewa *whitewashed wood*, kuma galibi babu *chaux* a ciki, farin fentin ruwa ne da aka tsinka, a shafa a goge da tsumma don zanen katakon ya fito. Faransancinsa *bois blanchi* ko *effet blanchi*. Masu hawan igiyar ruwa a teku suna kiran kumfar da ke biyo bayan fashewar igiya *whitewash*, Faransawa su ce *la mousse*.

Litinin, 17 ga Maris

An jinkirta ma'anar wasanni da gangan har gasar zari-ruga ta ƙasashe shida ta ƙare. Shekaranjiya Ingila ta lallasa Wales da ci 68 da 14 a Cardiff, Wales ta rufe gasar ba ta ci wasa ko ɗaya cikin biyar ba, shekara ta biyu a jere. Wannan shi ne *whitewash* na fili: a cinye abokin karawa duka wasannin jeri, ko a hana shi ko maki ɗaya. Babu zargin maguɗi a ciki ko kaɗan, kuma dole a faɗi haka ƙarara, don ɗalibin da ya haddace ma'ana ta biyu zai ɗauka an sayar da wasan.

A kurket ta fi zama. Ostareliya ta yi wa Ingila 5 da nema a gasar Ashes sau uku: 1920–21, 2006–07 da 2013–14. Niyuzilan ta cinye Indiya 3 da nema har gida a ƙarshen 2024. Lokacin da 'yan wasan West Indies suka yi wa Ingila 5 da nema a 1984, magoya bayansu suka juya kalmar ta zama *blackwash*. Amurkawa sun fi cewa *sweep* ga jeri, *shutout* ga wasa ɗaya.

Faransanci a nan ya rabu gida-gida. A Kanada, masu hoki na Kebek suna cewa *blanchissage* ga wasan da ba a ci su ko ɗaya ba, *balayage* ga jeri, don haka a can *blanchir* daidai ne. A Yamai ko Faris mai karatu zai ɗauka wankin kaya ake nufi. A wasan *pétanque* na jefa ƙwallayen ƙarfe, wanda aka ci 13 da nema *fanny* ne. A zari-ruga akwai tarko na musamman: *cuillère de bois* a al'adar Faransa na wanda ya faɗi duka wasanninsa ne, wato daidai da *whitewash*, alhali *wooden spoon* na Ingilishi na duk wanda ya zo ƙarshe ne ko da ya ci wasa ɗaya. Kalmomi biyu masu fassara juna baki da baki, ma'auni daban. Inda ba a da tabbas, a rubuta sakamakon kawai: *battus 5-0*, *cinq défaites en cinq matchs*. Hausa ta wadata a nan, daga “biyar da nema” har “wankin babban bargo”.

Ɗaya ta ƙarshe: *to cross the whitewash* a zari-ruga ba ta shafi wannan ba. Farin layin da aka shafa a ciyawa ake nufi, ma'ana ta ɗaya ce ta dawo ta bayan gida. Faransancinsa *marquer un essai*.

Litinin, 24 ga Maris

Daftarin ya tsaya a shafi biyu da rabi. An yi ja-in-ja kan jeri: ko a bi tarihi a fara da bango, ko a bi yawan amfani a fara da rufa-rufa. Bango ya ci, saboda hoton tsagar, amma akwatin gargaɗin *blanchir* ya hau can sama, kafin ma'ana ta ɗaya.

An ƙara layin furuci: nauyin murya a gaɓar farko, “wait-wosh”, kada a ja shi zuwa ƙarshe kamar yadda bakin Faransanci ya saba.

Abin da ya rage: a sake ɗaukar hoton murabba'i na biyu, don rana ta haske shi garin bai fito ba, a gwada da sassafe da baƙin ƙyallen a gefe. A nemo jimla ta gaskiya ga ma'anar kayan ɗaki, wadda ke ciki yanzu ƙirarriya ce. Fassarar *whitewashing history* har yanzu ba ta gamsar da kowa ba, an bar mata alamar tambaya. Murabba'an huɗu za a bar su inda suke har ruwan farko ya sauka, a ga abin da na uku zai yi, sannan a rubuta layin da ke cewa sau nawa ake sabunta shafen. Fayil na gaba *to launder* ne.